Zuma a kan gyambon mai ciwon suga: a sa ko kada a sa?

Uwar Tagwaye ta rubuta:

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ina neman masu sani su raba mana gardama, don magana ta yi tsami a gidanmu kuma ni ce a tsakiya.

Mahaifinmu ya daɗe yana fama da ciwon suga. Yana shan magani, ranar da ya ga dama kuma ya ƙi sha. Kwanakin baya muka ga safarsa ta manne a ƙafa, da aka cire sai ga miki a ƙarƙashin babban yatsa, faɗinsa bai wuce farce ba. Shi bai ma san da shi ba, ya ce ko kaɗan ba ya jin zafi. Mun kai shi asibiti, suka wanke, suka kankare matacciyar fatar da ke gefe, suka rubuta magani, suka ce a riƙa kawo shi diresin, kuma kada ya riƙa taka ƙafar. To Baba ba mai zama wuri ɗaya ba ne, sannan ba abin da ya tsana kamar jiran layi. Ciwon bai ƙaru sosai ba, bai kuma rufe ba. Yana ɗan tsatsafar ruwa, bakinsa ya yi fari ya yi kauri.

Gwaggonmu ce ta kawo maganar zuma, kuma hujjarta ba ta banza ba ce. Bara ruwan zafi ya zubo wa ɗaya daga cikin tagwayena a dantse, wurin ya yi ja ya tashi bororo. Gwaggo ce ta riƙa shafa mata zuma tana ɗaurewa, wallahi ya warke sumul, yau sai an duba da kyau ake gane wurin. Yanzu ta ce gani ya kori ji, a bar wahalar asibiti a koma zuma. Yayyena maza sun goyi bayanta. Baba kuwa dama abin da yake so ke nan.

Ni zuciyata ba ta kwanta ba, amma ba ni da abin da zan faɗa musu. Da gaske zuma tana kashe ƙwayoyin cuta a ciwo, ko kuwa ƙunar yarinyar dama za ta warke ne ko an sa ko ba a sa ba? In tana kashewa, me zai hana a sa wa Baba? Don Allah mai amsawa ya yi mini bayanin da zan iya maimaitawa a gaban manya ba tare da an ce na raina su ba.

Ma'aikacin Ɗakin Gwaji ya rubuta:

Wa alaikumus salam Hajiya. Allah ya ba Baba lafiya. Ni aikina shuka ƙwayoyin cuta ne a faranti in ga abin da ke kashe su, don haka zan ɗauki rabin tambayarki na farko, in bar wa masu taɓa ciwo da hannunsu ragowar.

Eh, tana kashewa. Wannan ba camfi ba ne. In aka shimfiɗa bakteriya irin su Staphylococcus aureus, wadda ita ce uwar tafiya a yawancin marurai da ciwuka masu mugunya, aka huda rami a tsakiyar farantin aka zuba zuma mai kyau, washegari za a ga kewayen ramin fes, ba abin da ya tsiro. Har nau'in da ake kira MRSA, wanda ya gagari magungunan da aka saba, zuma na hana shi yaɗuwa a faranti. Haka ma Pseudomonas, mai sa mugunyar ƙuna ta yi kore.

Dalilan sun fi ɗaya, kuma wannan ne abin sha'awar. Kusan kashi 80 cikin 100 na zuma suga ne, ruwan cikinta bai wuce kashi 17 zuwa 18 ba. Ƙwayar cuta na bukatar ruwa, in ta faɗa cikin zuma sai sugan ya tsotse ruwan jikinta kamar yadda gishiri ke tsotse ruwan nama. Sannan zuma na da asid, ma'aunin tsaminta, wato pH, na tsakanin 3.2 da 4.5, yawancin masu sa ciwo ruɓa kuwa sun fi son wajen 7.

Amma da a ce suga ne kaɗai, da aikin ya ƙare da zarar ruwan ciwo ya tsinka ta. Abin da ke faruwa akasin haka ne. Ƙudan zuma na zuba wani sinadari daga jikinsa, gulukos oksides, a lokacin da yake sarrafa ruwan fure. A cikin zuma mai kauri sinadarin kwance yake. Da ta haɗu da danshi sai ya farka ya riƙa fitar da haidurojin ferokzaid kaɗan-kaɗan, irin ruwan nan mai kumfa da ake wanke ciwo da shi, sai dai na zuma ya fi na kwalba rauni kusan sau dubu, shi ya sa ba ya ƙona sabon naman da ke tsirowa. Tun 1937 masu bincike a Jamus suka lura akwai wani abu a zuma da ke hana bakteriya girma wanda zafi da haske ke lalatawa, sai a 1963 aka tabbatar a Amurka cewa wannan ne. A 2010 kuma wasu a Amsterdam suka gano wani ƙaramin furotin na ƙudan zuma, difensin-1, shi ma yana taka tasa rawar.

Sai zancen manuka, wadda za ki ji ana ta kururutawa. Wata bishiya ce a Niyuzilan. Farfesa Peter Molan na Jami'ar Waikato, tun farkon shekarun 1980, ya lura zumarta na ci gaba da kashe bakteriya ko an kawar da ferokzaid ɗin. Wannan na da muhimmanci, domin jini da naman jikinmu na ɗauke da katales, sinadarin da ke rusa ferokzaid nan take (shi ne ma ke jawo kumfar da ake gani). Sai a 2008 masu bincike a Dresden suka bayyana cewa sirrin manuka wani sinadari ne, metilgilayokzal, wanda ake taƙaitawa MGO, shi ne lambar da ake bugawa a jikin kwalba.

Ki faɗa wa Gwaggo tana da magabata. Takardun likitancin tsohuwar Masar na kusan shekara 1,600 kafin haihuwar Annabi Isa sun ambaci zuma a haɗin ɗaurin rauni. Abin da ba zan ce miki ba shi ne faranti da ƙafar mutum ɗaya ne. A faranti babu jijiyar jini da ta toshe, babu ƙashi, babu tsohon da ke takawa.

Nas Mai Wankin Ciwo ta rubuta:

Ƙanwata, ki yi haƙuri zan yi magana ba kwana-kwana, domin ƙafa ce a tsakiya. Kada a daina kai Baba asibiti. Duk abin da Malam ya faɗa a sama gaskiya ne, kuma bai saɓa wa wannan ba.

Ƙunar 'yarki da mikin Baba suna kawai suka haɗa. Yarinya ce mai jini a jika, ƙunar ta tsaya a saman fata tunda ta yi ja ta yi bororo, kuma na tabbata ta yi ta kuka, wanda alama ce jijiyoyin wurin na raye. Irin wannan ƙunar, in an tsabtace ta an rufe, cikin mako biyu takan warke. Zuma ta taimaka? Mai yiwuwa ne ƙwarai. A 2015 ƙungiyar Cochrane, masu tattara gwaje-gwajen asibiti suna tacewa, sun duba gwaji 26 da aka yi a kan mutum 3,011. A kan ƙunar da ba ta yi zurfi ba suka samu zuma na rage kwana huɗu zuwa biyar idan aka kwatanta da ɗaurin da aka saba. Nan ne hujjar zuma ta fi ƙarfi. Sun kuma ga alamar amfani a ciwon tiyata da ya kama mugunya. Daga nan kuwa hujja ta yi ta sirancewa. A Niyuzilan ɗin kanta an gwada manuka a kan mutum 368 masu gyambon ƙwauri, bayan mako 12 kusan kashi 56 na masu zuma sun warke, na ɗaya ɓangaren kusan kashi 50, bambancin da masu lissafin suka ce bai kai a kafa hujja da shi ba, ga shi masu zumar sun fi kukan raɗaɗi. Game da ƙafar mai suga kuwa, ƙungiyar ƙwararru ta duniya a wannan fanni, IWGDF, a ƙa'idojinta na 2023 cewa ta yi kada a yi amfani da zuma da nufin warkar da irin wannan miki, don gwaje-gwajen da ake da su ba su isa a dogara da su ba.

Kalma ɗaya a rubutunki ita ta tayar mini da hankali: ba ya jin zafi. Mutanen gida kan ɗauki wannan a matsayin sauƙi. Mu kuwa in muka ji haka gabanmu ke faɗuwa. Suga ya cinye jijiyoyin ji ke nan, mutum zai yi ta taka ciwo yana faɗaɗa shi bai sani ba. Farin kaurin nan da kike gani a bakin mikin kanta ce, wato fatar da ta taurare, kuma muddin tana nan fata ba za ta haɗe ba, dole a riƙa kankare ta da wuƙar asibiti. Sau da yawa abin da ake gani a sama ɗan ƙarami ne, a ƙasa ya yi rami ya nufi ƙashi. Ƙarƙashin babban yatsa kuwa tsakanin fata da ƙashi ba nisa. In ƙwayar cuta ta shiga ƙashi, ko tulu guda aka juye a sama ba za ta kai can ba, sai maganin da ke bin jini, wani lokacin har da tiyata.

Abin da ke rufe irin wannan miki ba abin shafawa ba ne tun farko. A ɗauke masa nauyin jiki, da takalmi na musamman ko filastar siminti irin ta karaya ko sanda. A daidaita suga. A duba ko jini na isa ƙafar. A kankare mataccen nama. Ɗaurin da za a sa a kai, ko na zuma ne ko na wani abu, shi ne na ƙarshe a layi.

Na sa wa majinyata ɗaurin zuma da hannuna, kuma ina son sa a inda ya dace. Yana kashe wari da sauri, yana tausasa mataccen nama ya ɓanɓaro, bandeji ba ya mannewa a cire da jini. Amma ba zumar cokali ba ce. Zumar asibiti ana tace ta, a auna ƙarfinta, a bi ta da hasken gama, wani haske mai ratsa abu kamar na hoton ƙashi, don kashe duk wata ƙwaya ba tare da an dafa ta ba. Irin su Medihoney ke nan, wadda hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka, FDA, ta amince da ita a 2007. Dalilin wannan wahala shi ne ɗanyar zuma kan ɗauko ƙwayayen Clostridium, wata bakteriya mai fitar da guba, waɗanda ke kwanciya a cikinta ba su mutu ba. Saboda su ne ma aka hana ba jaririn da bai cika shekara ɗaya ba zuma. Rami mai zurfi wanda iska ba ta shiga kuma jini bai isa ba, irin wurin da suke so ke nan.

Mai Amya ya rubuta:

Salamu alaikum. Ni ba likita ba ne, kiwon zuma na gada. Ina karanta ku sai na ji kamar za a ce in ba ta Niyuzilan ba ce ba zuma ba ce. Malam, ka gyara mini in na kauce. A 1988 wani likitan tiyata, Spencer Efem, a asibitin koyarwa na Kalaba, ya wallafa yadda ya yi jinyar mutum 59 masu ciwuka da gyambon da suka ƙi jin magani, da ɗanyar zuma wadda ba a sarrafa ba, kuma 58 suka samu sauƙi. A Indiya ma an yi ta gwada ta a kan ƙuna, ba da manuka ba. Sannan mu tun kafin a zo ga faranti mun karanta a Suratun Nahli cewa akwai waraka a cikinta ga mutane.

Inda na yarda da Nas ɗari bisa ɗari shi ne ba duk abin da ke cikin kwalba ne zuma ba, kuma ba duk zuma ce ke da ƙarfi ɗaya ba. Wani yakan yanki saƙa tun ƙudan bai toshe bakin ramukan da kaki ba, wannan ba ta nuna ba, ruwa ya yi mata yawa, in ya haura kashi 20 sai ta fara tsami tana kumfa. Wani ya matse saƙar da 'ya'yan ƙudan a ciki. Wani ya ɗora a wuta don ta yi saurin tacewa, to wannan sinadarin da Malam ya ce yana farkawa ya riga ya mutu. Wani ya bar kwalba a rana. Ba a ma zo kan masu haɗawa da narkakken suga ba.

Gwajin ashana da na ɗigawa a ruwa da ake yaɗawa, ku bar su, mai algus ya san su kafin ku. Daskarewa kuma ba alamar jabu ba ce, zuma ta gaskiya ma tana yin tsakuwa, ya danganta da furen da aka ci.

Ma'aikacin Ɗakin Gwaji ya rubuta:

Baba Mai Amya, ba ka kauce ba, aikin Efem sananne ne kuma yana cikin waɗanda suka dawo da hankalin likitoci kan zuma. Abin lura biyu ne. Bai ware wasu majinyatan da aka yi wa wani maganin don a kwatanta ba, shi ya sa ake ɗaukarsa a matsayin abin da ya buɗe ƙofa. Kuma mutanen nan a hannun likitan tiyata suke, yana duba ciwon, yana ɗibar mugunya ana gwadawa. Ba a gida aka bar su da kwalba ba.

Manuka ba ta fi kowace zuma ba a komai. An fi saninta ne saboda an fi bincikenta kuma ƙarfinta na jure ajiya. Akwai zumar furanni da dama da ke yin abin mamaki a faranti, akwai kuma wadda ba ta fi ruwan suga ba, kuma da ido ko da harshe ba a bambancewa.

Uwar Tagwaye ta rubuta:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Anti Nas, maganar rashin jin zafin nan ta shige ni, don mu da ita muke kwantar wa kanmu hankali. Tambaya biyu suka rage mini. In na ce wa Gwaggo sam ba za a sa ba, rigima ce, kuma za ta iya sawa a ɓoye. Akwai hanyar da za a bi a haɗa biyun? Sannan zumar ba za ta shiga jini ta ɗaga masa suga ba? Ƙanena kuma yana tambaya ko za ta yi masa maganin maruru da ƙyasbi.

Nas Mai Wankin Ciwo ta rubuta:

Hanya tana nan. Ranar diresin ki tafi da Gwaggo, ta shiga ta ga lokacin da aka buɗe aka auna zurfin, ta yi wa likitan tambayar zumar da bakinta. In ya duba ya ga ramin bai kai ƙashi ba, jini na gudu, kuma akwai mataccen nama ko wari, yana iya zaɓar ɗaurin zuma na asibiti na ɗan lokaci. In ya ce a'a, daga bakinsa ta ji, ba daga bakin 'yar ɗan'uwanta ba. Na ga dattijai da yawa sun sauka daga ra'ayinsu da zarar sun ga yadda ƙarfen awo ke nutsewa a ciwon da suka ɗauka ƙwarzane ne. Kuma ki ba ta aiki, mai son taimako ba a barinsa hannu sake: ita ce za ta tsare Baba ya zauna, ita ce za ta tabbatar ya sha maganinsa a kan lokaci. Ke ba zai ji maganarki a kan wannan ba, ita zai ji.

Suga kuwa, abin da aka shafa a ɗan ƙaramin ciwo ba shi ne abin tsoro ba, a dai ci gaba da aunawa. Wanda zai ɗaga shi shi ne in aka ce ya riƙa sha don ciwon ya warke daga ciki. Kuma in kika ga awo ya haura ba dalili, ki zargi ciwon, don ruɓa na ɗaga suga tun kafin a ga alama a fata.

Ƙanenki ki ce masa maruru mugunya ce a kulle a ƙarƙashin fata, zuma ba ta ratsa lafiyayyar fata. Ya riƙa gasawa da tsumma mai ɗumi, kada ya matse, in ya girma ko yana fuska ko ya zo da zazzaɓi a je a tsaga. Ƙyasbi yana da man shafawarsa da sabulunsa masu aiki, ba sai ya kwana yana danƙo ba.

Tunda akwai yara a gidan, in aka sake ƙonewa, abin farko ruwan famfo ne mai sanyi na minti 20, ba ƙanƙara ba, ba man goge baki ba, ba ma zumar ba tukuna. Ƙunar da ta fi tafin hannun yaron faɗi, ko ta fuska, ko yatsu, ko gaɓa, ko al'aura, ko wadda ta yi fari ba ta zafi, ta asibiti ce.

Shi kuma Baba, kada a jira ranar diresin in aka ga ɗayan waɗannan: ja yana yaɗuwa daga bakin ciwon, ƙafar ta kumbura ko ta fi ɗayar zafi in an taɓa, wari, mugunya, yatsa ya fara duhu, zazzaɓi ko rawar sanyi. A ranar za a tafi, ko da dare ne. Ki tambaya ko an yi masa allurar tetanus. Yau kuma kafin ya kwanta ki duba ɗaya ƙafar, diddige da tsakanin yatsu, sannan ki zura hannu cikin takalmin da ya fi sawa ki laluba daidai wurin babban yatsan, galibi abin da ya ji masa ciwon yana nan ciki.